Guzurin da Na Cinye a Gida

Zafin bana ya kai inda mutum zai zuba ruwa a tsakar gida, kafin ya ajiye buta ƙasa ta shanye. Wutar lantarki kuwa sai dai mu ji labarinta a unguwar wasu. Ina kwance a kan tabarma ƙarƙashin dogon-yaron gidana a Gidan Dahala, da jiƙaƙƙen tawul a ka, sai ƙamshin dambun nama ya biyo iska daga madafa ya same ni. Da rana tsaka, ga azumi a baki. Wanda bai san ni ba zai ce yunwa ce ta sa na tashi zaune, amma ba ita ba ce. Azumi ne ya zagayo ya dawo tsakiyar bazara, daidai inda ya same ni ina saurayi, shekara talatin da wani abu da suka wuce. Ya dawo ya tarar da ni da furfura, da ido mai hazo, da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro.

Maganar ta ɗana ce na fari. Ya karanta injiniyan lantarki, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna. Ba zaman lalaci ba, in faɗi gaskiya. Ya yi wannan kwas a kwamfuta, ya yi wancan, ya bi masu haɗa sola yana hawa rufin mutane kyauta don hannunsa ya faɗa, ya aika takardun neman aiki har ni mai kallo na gaji. To ga shi a farkon azumin nan wani kamfani mai kafa sola a gonakin rani ya kira shi, can wata jiha mai nisa, suka ce ya zo kafin salla ko su ba wani. Shi ne kuma mai ɗaukata a babur zuwa asibiti da zuwa tafsiri a tsohon gidanmu na Ƙofar Kware, tunda ido ya hana ni tuƙi. Bai gaya mini ba. Ƙanwarsa Zainabu ya gaya wa, ta gaya wa uwarsu, uwarsu ta gaya mini. Ni kuma na ce, "To." Haka muke a gidanmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, balle wanda ya ci sunan mahaifina. Malami ake ce masa, ni ko Malamin ma ban cika faɗa ba, sai dai "yaron nan".

Ni ma ɗan fari ne, kuma an taɓa ce wa maganata "to".

A wancan azumin ina da shekara guda da ɗoriya a gida bayan bautar ƙasa, da takardar injiniyan gine-gine da aikin ruwa a ƙasan akwati. Mahaifina, wanda duk unguwa ke kira Malam, bai taɓa furta sunana ba tun da aka yanka ragona. Digirin nan ne ya yi masa rana, don ya samu abin da zai kira ni da shi. Sai ya dubi bango ya ce, "A ce ma Injiniya shi kawo buta," alhali ina durƙushe a gabansa. Sunan ya bi gari. Yara suna Injiniya, tsofaffi suna Injiniya, ni kuwa ko bulo ɗaya ban taɓa ɗora wa wani ba.

Hanyoyin da ke gaban irinmu a lokacin ba su da yawa, kuma na bi su duka da ƙafa. Akwai ma'aikatar ayyuka, akwai ta ruwa, akwai kamfanoni ƙalilan, sai koyarwa, wadda muke ɗauka wurin faɗuwar wanda ya rasa. Ko'ina ka je amsar ɗaya ce, an dakatar da ɗaukar aiki, a dawo bayan salla. Ina da kaftani ɗaya mai kyau. Kullum da safe in goge shi da dutsen guga na gawayi, in sa, in fita, kafin in kai bakin titi ya manne mini a baya. Da hantsi in dawo in buɗe tsofaffin littattafaina ina bitar lissafin siminti da ƙarfe don kada su gudu daga kaina, kuda suna taya ni.

Zafin shekarar nan ba ya faɗuwa. Famfon unguwa ya yi tari ya yi shiru tun kafin a ga wata. 'Yan ga-ruwa suka zama sarakai, sai ka bi mutum kana lallashi. Rijiyar gidanmu ta ja baya har guga na dawowa da rabin laka, sai Inna ta zuba a randa a bar shi ya kwanta. Da azahar babu mai motsi. Maza su jiƙa riga su sa, ta bushe kafin a idar da salla. Tsofaffi su kwanta a zaure a kan ƙasa tsirara don tabarma ma zafi take yi. Awaki su laɓe a gindin bango suna haki, ƙadangaru ma ba ka ganinsu. Leɓe ya tsage, miyau ya ƙafe, idan ka yi magana mai tsawo sai ka ji harshe yana kama dasashi. Gero ya yi tsada, kunun da ake damawa ya koma tsararo, Inna tana cewa ai mai azumi ruwa yake so, ba kauri ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mazan layinmu suka taru yasar rijiya bayan asuba, kafin rana ta fito. Wannan ya shiga, wancan ya ja igiya, ana miƙo laka ana zubarwa. Na tuɓe riga zan shiga, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu.

"Haba, Injiniya ka shiga rijiya? Mi za mu ce ma Malam? Tsaya nan ka ba mu shawara."

Na tsaya ina ba da shawarar da ba wanda ya saurara. Su da suka yashe rijiyar nan tun kafin a haife ni.

Aikin da aka yarda in yi ɗaya ne, kuma ina son sa. Malam yana tafsiri a ƙofar gida kowace shekara bayan la'asar, ni ne mai ja masa baƙi. In karanto aya, shi ya fassara. Allah ya ba ni murya, ba yabon kai ba, kuma na san numfashin Malam, na san inda zai tsaya da inda yake so a maimaita ba tare da ya ɗaga kai ba. A duk shekara wannan ne kaɗai lokacin da muke zama kafaɗa da kafaɗa, muryata na bin tasa. Mutumin da ba ya iya kallona a cikin gida, a nan sai ya saurare ni har rana ta yi ja. Idan an shafa, mu shiga a sha ruwan randa da dabino, a bi da kunun tsamiya da ƙosai biyu-biyu, sai tuwon dawa bayan asham. Malam ya sha furarsa ya rage, a ce a kai wa Injiniya.

Cikin goman marmari abin ya zo. Wani kamfani mai gina ƙananan madatsun ruwa a ƙauyuka ya nemi samarin injiniyoyi da zai horar a wurin aiki. Muka je mu da yawa, aka yi mana tambayoyi a wata rumfar kwano da ta kusa dafa mu. Aka ɗauke ni. Abokina Garba na Unguwar Rogo, wanda muka yi aji ɗaya, aka ce ya jira ko wani zai fasa. Shugaban aikin ya yi mana magana ba kwana-kwana. Suna tsere da damina ne, dole a gama zuba ƙasa kafin ruwa ya sauka, don haka motarsu za ta tashi cikin goman wuya. Wanda bai shiga ba, an bar shi ke nan.

Na dawo gida da murna da tsoro a haɗe. Tafsiri idan an buɗe shi sai an rufe, kuma ba a taɓa jin mai jan baƙi ya ajiye malaminsa a tsakiyar wata ba, balle ɗa. Ba zan iya tunkarar Malam ba. Inna kuwa kunyarta ta fi tasa, ko hanya muka haɗa sai ta kau da kai ta yi wa kaza magana. Mutum ɗaya ce ke ɗaukar magana tsakanina da su, Goggo Kulu, yayar Malam, wadda ta goye ni. Na same ta tana tsince wake a inuwa.

"Dikko, mi af faru? Tun ɗazu kana zagayen randa awa mai son karya azumi."

"Goggo, an ɗauke ni aiki. Amma motassu cikin goman wuya za ta tashi."

Ta ajiye faifai. "Alhamdu lillahi. To tafsirin fa? Wa ka ja mai?"

"Shi as sa niz zo wurinki."

Washegari ta kira ni tana ɗaure kaya, don an aiko 'yarta ta haihu a Kware, za ta je ta zauna mata har bayan salla.

"Na hwaɗa mai."

"Mi yac ce?"

"Yac ce, to."

"To kawai?"

"Kai ko, yau ka hwara sanin ubanka? Ka taɓa jin ya ƙara wani abu bisa to? Ɗauko min ƙunshin ga, mota na jira."

Ta tafi ta bar ni da kalma ɗaya, ina juya ta kamar mai neman ƙwaya a cikin ƙaiƙayi.

A ranar da la'asar na zauna a wurina, na buɗe Alƙur'ani. Kafin in yi a'uziyya Malam ya dubi jama'a ya ce, "Malam Buba, matso nan. Daga yau ka riƙa karɓa ma Injiniya."

Malam Buba ladanin masallacinmu ne, mutumin kirki, amma muryarsa kamar ana jan ƙofar langa-langa. Ya matso ya zauna. Ranar muka raba karatun. Washegari Malam ya ba shi mafi yawa. Daga nan sai ya zama Buba ke ja, ni ina zaune a gefe da hannu a cinya. Buba ya tsaya inda ba a tsayawa, Malam ya gyara masa. Ya wuce inda ake so a maimaita, Malam ya dawo da shi. Gumi yana bin gemun Malam, muryarsa ta dushe don ƙishi, amma bai taɓa juyowa ya ce in karɓa ba.

Na san wannan hukuncin, ko kuwa na ɗauka na san shi. Malam ba ya duka, ba ya faɗa. Idan ya yi fushi da mutum, aikinsa yake karɓewa ya ba wani. Lokacin da ƙanena Sani ya gudu kallon ƙwallo ya bar karatu, Malam bai ce masa uffan ba, ya dai hana shi ɗaukar masa buzu da littattafai, ya ba wani. Sani ya yi kwanaki ba ya cin abinci. Jama'ar tafsiri ma haka suka karanta abin. Wani maƙwabci ya ja ni gefe bayan an shafa.

"Injiniya, mi kay yi ma Malam haka? Je ka ba shi haƙuri, hushin mahaihi ba abin wasa ba na."

Na shiga goman wuya da wannan a zuciya. Abinci ya daina yi mini daɗi, ruwan ma sai in sha in ji bai sauka ba. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, ina cikin wannan hali sai ga Inna ta tsiri aiki da rana tsaka. Ta sa ƙannena mata su soya gyaɗa, a yi ƙuli-ƙuli, a daka dakuwa. Zakaranta ɗaya tilo, wanda ta hana a yanka ko da baƙi suka zo daga Gwandu, ta sa aka yanka ta yi dambu. Ga zafin rana ga zafin murhu, fuskarta ta yi baƙi da hayaƙi, tana juya tukunya ba ta ko iya ɗanɗanawa. Ƙamshin ya cika gida. Na ce a raina, wato ni ina ƙonewa su shirin salla suke tun yanzu.

Na yi ta auna abin. Ga aikin da na yi shekaru ina karatu dominsa, ga uban da ya gwammace ya sha wahalar muryar Buba da ya ji tawa. Na san abin da ake faɗa a kan wanda ya bar gida iyaye ba su sa albarka ba. Na yi ta jira a kira ni, ko a aiko wani ya ce Malam ya ce ka tafi, ko ya ce kada ka tafi. Ba wanda ya zo.

Ranar tafiya na fita bayan asuba hannu rabbana, na bi ta Unguwar Rogo na buga wa Garba ƙofa.

"Ɗauko kayanka, kujerata taka ta."

"Kai, lahiyarka? Wane irin wasa na wanga?"

"Malam bai yarda ba."

Bai ƙara tambaya ba, shi ma ɗan gida ne. Na raka shi har inda motar take, wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya cike da ganguna da shebur. Shugaban aikin ya dube ni ya girgiza kai, ya juya ga lissafin mutanensa. Na tsaya har motar ta sha kwana. Daga nan na gangara gulbi, inda ruwa ya rage ɗan siriri a tsakiyar yashi, na tsoma ƙafafu na zauna tare da masu wanki. Ban yi kuka ba, ina jin jikina ba shi da ruwan da zai bayar.

Da la'asar na riga kowa zuwa ƙofar gida. Na share wurin, na shimfiɗa buzun Malam, na zauna a wurina na dā da Alƙur'ani a buɗe, don ya ga na tuba. Buba ya zo ya gan ni, ya koma cikin jama'a, ina jin har da ajiyar zuciya. Malam ya fito. Ya tsaya. Ya dube ni ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ya daɗe yana kallona. Sannan ya zauna ya ce, "Bismilla." Na ja, ya fassara. Ranar muryarsa ce ta yi ta rawa, na ɗauka ƙishi ne.

Da aka sha ruwa sai ga dambun zakara a gabanmu, ga dakuwa, ga ƙuli-ƙuli. Ƙannena suka yi ta murna, Sani yana cewa salla ta zo da wuri. Haka aka yi ta fito da shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ni kuwa na ci sosai. Na ɗauka alama ce ta an yafe mini, har na ji sanyi a raina.

Ana gab da salla hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya. Muka fito da bokitai da kwanoni muka jera a bakin indararo. Aka yi ɗigo kaɗan, wanda ya ta da ƙamshin ƙasa, sai hadarin ya watse. Muka kwashe kwanoninmu muka koma ciki, zafin ya dawo ya fi na dā.

Bayan salla na koma zagayen ofisoshi da kaftanina. Irin wancan kiran bai sake zuwa ba. Da na gaji na karɓi koyarwa a wata sakandare, lissafi da zanen gini, da niyyar in yi shekara ɗaya kafin wani abu ya fito. A nan na yi ritaya. Ba zan ce na yi asarar rayuwa ba, na ci na sha, na yi aure, na koyar da yaran da wasunsu yanzu su ne ke gina hanyoyi. Amma har yau idan aka ce mini Injiniya sai in ji kamar an sa mini rigar wani. Garba kuwa ya bi madatsu daga wannan jiha zuwa waccan, ya yi baƙi ya yi ƙarfi, duk lokacin da ya zo gida sai ya kawo mini kifi busasshe, mu zauna mu yi hirar komai ban da wannan. A gida ma ba wanda ya sake tayar da maganar, ko da wasa. Na ci gaba da ja wa Malam baƙi har shekarar da ya rasu.

Sai ranar sunan ɗana na fari, wanda aka mayar wa sunan Malam. Na shiga ɗakin Inna gaida mata, Goggo Kulu tana riƙe da jaririn tana yi masa wasa, ta tsufa har ba ta tauna magana.

"Kai dai Allah shi ba ka sa'ar da ubanka bai samu ba. In ka yi karatu kar masu gina dam su ƙi ka awa yadda sunka ƙi shi."

Na ce, "Goggo, wa yac ce sun ƙi ni? Ni nib bari. Malam na yay yi hushi, yak karɓe min karatu yab ba Buba."

Ta daina jijjiga yaron. "Hushi? Wane hushi? Bawan Allah da yaz zauna yana hwama da muryar Buba da azumi a bakinai, don ya koya mai kahin ka tahi? Hanya yab buɗe maka, Dikko. Da ka dawo ka zauna, sai sunka ɗauka kamhwanin na yaf fasa ɗaukar ka. Da niz zo daga Kware innarka tac ce kar in tada maganar, kar ka ji kunya."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "To dambun da munka ci?"

"Guzurinka na."

Inna tana zaune a ƙuryar ɗaki, ta ba mu baya tana gyaran goro a faranti. Ba ta juyo ba. Sai ta yi wa Goggo magana, ba ni ba, kamar yadda ta saba.

"Yaya, ki hwaɗa mai kullum da sahe ina aje ƙwaryar guzurin bayan ƙohwa, ina jiran shi zo shi yi sallama."

Su suna jiran in zo in durƙusa in yi sallama kamar kowane matafiyi, ni ina jiran a kira ni. Tsakanin ɗakina da zauren Malam bai fi taku kaɗan ba. Na fita waje, ana ta yi mini barka, maroƙa suna kirari, ni ina amsawa ban san abin da nake cewa ba. Wanda zan je in ce wa na gane yana kwance a maƙabarta.

To, wannan labarin na san shi tun yaron nan yana cikin zanen goyo. Mutum zai ɗauka ya koya mini wani abu. Amma da uwarsa ta kawo mini maganarsa, bakina bai samu komai ba sai "to". Na kuma tashi na yi abin da na ga ya dace. Na je wurin Ɗanjuma mai Keke, maƙwabcinmu da ke haya da babur mai ƙafa uku, muka shirya zai riƙa kai ni asibiti da tafsiri, wanda yanzu Sani ne ke yi, shi wannan na ƙwallon. Jiya da la'asar yaron ya fito da babur ya goge shi yana jirana a ƙofar gida, na wuce ta gabansa na shiga Keke, ina jin daɗi a raina na sauke masa nauyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɗazun nan, ina zaune da tawul a ka ina shaƙar ƙamshin dambu, Zainabu ta zo ta durƙusa.

"Baba, Yaya ya kwance jakarsa. Ya ce zai kira mutanen ya ce su ba wani."

"Don mi?"

"Ya ce ka yi fushi, ka daina hawa babur ɗinsa."

Na dubi madafa. Uwarsa tana tsaye a kan wuta, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, tana juya naman da ba za ta iya ɗanɗanawa ba, kuma na tabbata ita ma ba ta ce masa komai ba. Gajiya ta sauko mini, irin wadda ba ta azumi ba. Zainabu tana jira in ba ta saƙo ta kai, don aikinta ke nan a gidan nan. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Rana ta yi ƙasa, inuwar dogon-yaro ta kai bango. Na buɗe baki, harshe ya manne. Sunan nan ban taɓa faɗar sa ba, ba a kan uba ba, ba a kan ɗa ba. Na haɗiye abin da babu, na sake gwadawa.

"Haliru!"

Cokalin ya tsaya a cikin tukunya. Zainabu ta dafe baki. Ni kaina sai da na ji kamar wani ne ya yi kiran. Ya fito daga ɗakinsa da waya a hannu, ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa.

"Matso."

Ya matso kaɗan.

"Matso nan inda nika ganin ka."

Ya zo har bakin tabarma. Na dube shi sosai, da idon da ya rage mini. Ashe har ya fara gemu irin na Malam.

"Ban yi hushi ba. Keken ga don ka samu ka tahi nis sa shi. Ka tahi aikinka, na yarda, na sa maka albarka. Dambun da uwarka ka yi naka na, guzuri na, kar ka bari kowa shi taɓa."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To."

"A'a," na ce. "Ba to nika so ba. An ce min to, ni ma na ce to, ya isa. Buɗe baki ka hwaɗa min yaushe motar ka tashi."

Ya ɗago kai, idonsa ya cika. "Jibi da sahe, Baba."

"To je ka ɗaure jakar ga tun ban mutu ba. Jibi kuma ka zo ka yi min sallama, ina nan bakin ƙohwa."

Ladan ya kira magariba. Shi ya miƙo mini kofin ruwa da hannunsa, na karɓa na sha. Daga madafa na ji uwarsa tana buge wa Zainabu hannu, tana cewa wannan ba na buɗa baki ba ne.